Yadda Farfesa Ya Farka Cikin Rigar Mai Burodi

Wa ya ba ku wayar goggonku? Wa ya ce ku shiga tona hotunan mutane? Kai mai dogon wuya, sauke hannu daga bakinka, ai na ga dariyar. Duk abin tambaya da ke duniya ku rasa na yi mini, sai dalilin da ya sa baffanku yake zaune a bakin titi cikin rigar mata ruwan hoda, baki buɗe? Mu da muna yara, in muka ga babba a irin wannan hali, kau da kai muke yi mu ce ba mu gani ba. To, tunda kun gani, gara ku ji daga bakina, don in shi kuka tambaya cewa zai yi bincike yake yi. Ku matso. Wanda ya katse ni kuma ya san sauran.

Goggonku ita ce autata, kuma duk layin nan babu mai hannun ɗinki irin nata. Ba yabon uwa ba ne, kun san ni ba na yabo. Sai dai tun tana ƙarama hankalinta ba ya zama wuri ɗaya. Ka aike ta sayen gishiri, ta dawo maka da ɗan kyanwa. Da ta girma ta kama aiki a shagon ɗinki na bakin titi, abin bai sake ta ba. Ta yanka riga, kafin ta haɗa hannu ta tuna da wani siket, kafin ta kai ga siket ta hango maɓallai sun gauraye a gwangwani, ta zauna tsince su. Almakashinta kuwa, rannan a cikin firij muka same shi. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Ita kuma ta yi ta kuka tana cewa, "Inna, wallahi ba da gangan nake yi ba."

Daga ƙarshe babanku ya kai ta asibiti. Likitar wata mace ce mai sanyin murya. Ta ce abin yana da suna, wai ADHD, ku da kuka yi boko kun san yadda ake rubuta shi. Ta ce ba lalaci ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Wannan na biyun ne ya sa na yarda da matar, don da ta ce tarbiyya ce, da ta ji daga gare ni. Ta ba ta magani, ta koya mata yadda ake tsara aiki, sannan ta riƙa yi mata wani zama. Mutum zai zauna ya rufe ido, a yi ta masa magana a hankali har jikinsa ya saki, hankalinsa ya taru wuri guda, a koya masa yadda zai riƙa kamo shi in ya gudu. Sunan abin hifno-wani-abu, harshena ba ya juya shi. Na tambaye ta ko tsafi ne. Ta ce a'a, ba a ƙwace wa kowa hankali, kuma ba ya raba mutum da matsalar, ƙarin taimako ne kawai, wani ya yi masa amfani, wani bai yi ba. Goggonku ya yi mata. Ta koyo wata dabara: in kanta ya fara watsewa, sai ta haɗa babban yatsa da manuni, ta ja numfashi, ta ce a ranta, riga ɗaya.

Ana nan, gidan burodin ƙarshen layi za su buɗe sabon reshe, suka kawo ɗinkin rigunan ma'aikatansu mata, duk ruwan hoda. Mai shagon ɗinki ta damƙa wa goggonku aikin, ta ce mata a gabana, "Ina son hannunki, amma na gaji da ba wa mutane haƙuri. In ranar buɗewa ta zo ko riga ɗaya ba ta kammala ba, ki ɗauki jakarki." Kuma a makon nan ne likitar ta yi tafiya.

Nan baffanku ya shigo. Kun san mutanen layi Farfesa suke ce masa, kuma shi kaɗai ne bai san tsokana ce ba. Ya fara kiwon kaji, kejin bai samu ƙofa ba har kajin suka koma gidan maƙwabta. Ya fara gyaran rediyo, ya fara koyon tuƙi. Ku ɗaga kai ku dubi bangon can, rabi shuɗi rabi fari. Aikinsa ne, tun kafin a haifi wannan mai tsotsar yatsan.

Ya shigo yana hura hanci, ya ce, "Inna, ku kwantar da hankalinku. Abin nan da likitar take yi, na gama shi kaf a waya."

Na ce, "Ka gama?"

"Bidiyo nawa na kalla! Ba su ƙirguwa."

"Har ƙarshe ka kalla?"

Ya yi wata 'yar dariya irin ta masu ilimi. "Haba Inna. Mai basira ba ya jiran ƙarshe. Da ya ga farko ya san inda aka dosa."

Goggonku ta ce, "Yaya, don Allah ka bar ni, ina da aiki."

"Aikin ne ai zan sa ki gama. Zama ɗaya da ni, sai kin riƙa ɗinki kamar inji. Likitarki a hankali take bi, ni kuwa ta gajeriyar hanya zan bi da ke."

Ya je ya ciro agogon marigayi kakanku, mai 'yar sarƙar nan, ya zaunar da ita a kujerar da kake kai yanzu. Ya shiga kaɗa mata agogo a fuska.

Ta ce, "Likita ba ta kaɗa mini agogo."

"Ba ta kai nan a karatu ba. Rufe ido."

"In na rufe ido, wa zai kalli agogon?"

Ya ce, "Shi agogon ya san aikinsa."

Ya sauke murya ƙasa kamar mai mura. "Goma. Jikinki yana saki. Tara. Kafaɗunki sun yi nauyi. Takwas..." Sai ga mai tallan robobi yana wucewa ta taga yana shela. Baffanku ya miƙa wuya. "Kai, wannan bokitin mai murfi ne? Auta, kada ki motsa." Wuf, ya fice. Yarinyar nan ta zauna ido rufe har na gama tsince wake, na wanke, na ɗora. Da ya dawo, bokiti a hannu, da tsintsiya, da wani abin matse lemo da ba mu taɓa bukata ba, ya same ta ta tafi shago.

Ya ce, "Kin gani, Inna? Taurin kai gare ta. Ba ta iya jira."

Na ce, "Ita ce ba ta iya jira?"

Bai ji ni ba, yana gwada abin matse lemo.

Washegari ya ce sai ya wasa hannunsa a kan wasu kafin ya dawo kanta. Ya nufi wurin mai aski, bawan Allah mai saurin yarda, wanda in ka ce masa gobe rana ba za ta fito ba zai tambaye ka ƙarfe nawa. Ya same shi yana yi wa mai facin taya aski, an kwashe gefe ɗaya tas, saura ɗaya.

Farfesa ya ce, "Ba kai ne kake kukan mantuwa ba? Zauna, yanzun nan zan raba ka da ita."

Mai faci ya ce, "A gama da ni tukuna mana."

"Kai ma za ka amfana, da sabon wanzami za a ƙarasa maka."

Mai aski ya ajiye inji ya zauna. Farfesa ya kaɗa agogo, ya ja kunnensa, "Ko me ka ji, kada ka buɗe ido sai na ce." Ya fara ƙirge. Bai yi nisa ba wani babur ya wuce yana wata ƙara. Farfesa ya ce, "Wannan ai salansa ce ta fashe," ya bi bayansa don ya sanar da mai shi.

Mai faci ya jira, ya jira. Ya ce, "Malam, tashi ka ƙarasa mini."

Mai aski, ido a rufe gam, ya ce, "Bai ce ba."

"Ya tafi fa!"

"Gwaji ne. Ya ce ko me na ji."

"Wallahi ya kai kwanar asibiti!"

"Kai ma cikin gwajin kake."

Kafin a samu mai aski ya yarda ya buɗe ido, an ɗauke wuta. Haka mai faci ya koma bakin aikinsa da rabin kai, duk direban da ya tsaya sai ya manta da tayarsa ya tsaya kallo. Da yamma ya zo har ƙofar gidan nan yana huci. Na leƙo, na dube shi, na dubi bangon can, na ce, "Kai ma ya yi maka fenti ke nan." Bai yi dariya ba.

Ni kuwa ban tsaya jiran Farfesa ba. Likita ta taɓa cewa irin su Auta sun fi riƙe aiki in akwai wani zaune kusa da su, ko da bai ce komai ba. Na ce wannan ai ba sai an je makaranta ba. Kullum da safe na ɗauki sandata da kujerata na tafi shago, na zauna a gefen kekenta. In na ga idonta ya fara zuwa wajen gwangwanin maɓallai, sai in yi gyaran murya. Ita kuma ta haɗa 'yan yatsunta, ta ja numfashi, ta koma kan keke. Riguna suka yi ta hawa kan rataya ɗaya bayan ɗaya. Ana gobe buɗewa, saura guda tak, ta shugabar masu gashin burodi.

Wannan mata, Allah ya yi halitta a wurin. In ta tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Ta aiko cewa ba za ta iya barin tanda ta zo gwaji ba, a yi da awon da aka ɗauka. Ba damuwa, don a shagon akwai mutum-mutumin da ake gwada riga a jikinsa, babba, mai ƙafar ƙarfe. Muka dawo daga cin abincin rana, goggonku ta juya za ta sa masa riga, sai ta ga wuri wayam. Kansa a ƙarƙashin tebur, ƙirjinsa a bayan ƙofa, an kwance shi gunduwa-gunduwa, ƙafar kuma babu ita.

Muka leƙa waje. Ga ƙafar can a bakin titi, an ɗaure mata lasifika. Ga kujerun roba an jera. Ga baffanku da babbar riga yana ta kai da kawo, gumi sharkaf.

Na ce, "Kai! Uban me ka yi?"

"Inna, aro na yi. Na gano kuskurena, ɗaiɗai nake bin mutane, shi ya sa ake katse ni. Yau duk layin nan zan yi wa a zama ɗaya, har da Auta. Na ma ɗauki muryata a waya, ita ba ta gajiya, ba ta bin babur."

Goggonku ta tsaya riƙe da riga. Ta ɗauki kan mutum-mutumin, ta ajiye. Ta ɗauki almakashi, ta ajiye. Ta buɗe gwangwanin maɓallai. Mai shago ta dubi agogon bango, ta dubi jakar goggonku da ke rataye. Wannan kallon ya fi mini zagi ciwo.

A waje kuwa an cika. Kun san mutane da abin kyauta. Mai gadi ya zo, masu shaguna sun zo, matan layi sun zo da goyo, mai aski ya zauna a sahun gaba don har lokacin bai fid da rai ba. Mai faci ya tsaya can baya da hula har kunne, ya ce shi kallon ƙarshen abin ya zo yi.

Farfesa ya ɗaga hannu. "Jama'a! Duk mai mantuwa, duk mai fara aiki ya bari, duk mai neman makulli alhali yana hannunsa, yau ya rabu da shi. Abin da likitoci suke wata da watanni suna yi, ni kafin shayi ya huce na gama."

Mai faci ya ce, "Wa zai tashe mu in ka bi babur?"

"Mai rabin kai ba ya tambaya a taron ilimi. Ku dube ni, ga yadda ake zama." Ya ja kujera a gaban kowa ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ɗora hannuwa a cinya. "Ka saki kafaɗa haka. Ka rufe ido haka." Ya danna waya.

Murya ta fito ta lasifika, a hankali, har da daɗinta, ban ƙi gaskiya ba. "Goma. Jikinku yana saki. Tara. Duk wata damuwa tana sauka." Layi ya yi tsit. "Takwas. Kuna jin iska mai sanyi tana... tana... kai, wannan fankar me take ƙara haka?"

Mutane suka fara buɗe ido ɗaya. Sai aka ji ƙarar jan kujera a lasifika, ƙiiii. Sai ƙwanƙwasa ƙarfe. Sai wani abu ya faɗi, ƙwal. Sai muryata, ni da kaina, ta cika titi: "Sauko mini daga kan kujera, shashasha, kafin ka karya ta!" Ashe a ɗakin nan ya ɗauki muryar, ya tashi gyaran fanka, ya manta wayar tana ɗauka. Kuma bai taɓa saurara ya ji abin da ya ɗauka ba, don shi mai basira ne. Daga nan babu goma babu tara, sai kukan fanka, fuuu, fuuu, ba iyaka.

Dariya ta ɓarke. Wata har ta kusa yar da goyo. Aka juya a ga yadda Farfesa zai kare kansa, sai aka ga kansa ya langaɓe, baki buɗe, yana jan minshari. Mutumin da tun asuba yake jigilar kujeru, ya samu wuri ya zauna, ga kukan fanka, me kuke tsammani? Duk taron nan shi kaɗai abin ya kama.

Mai gadi ya ce, "A tashe shi mana."

Mai aski ya tare shi da hannu. "A'a! Ba a buɗe ido sai ya ce."

"To ai shi ne yake barcin!"

"Sai mu jira ya ce."

Ni ban yi dariya ba, ido nake aunawa da shi. Na dubi kafaɗun baffanku, na dubi tumbin nan da ya tara a kan abincina. Na tuna shugabar masu burodi a bakin ƙofa. Na ce, "Auta! Kawo rigar, da allurai."

Ta fito riƙe da rigar. "Inna, a nan? Gaban mutane?"

"Ya kwance miki mutum-mutumi, Allah ya ba ki wani. Wannan ma bai taɓa zama shiru haka ba tun da na haife shi. Yi sauri kafin ya huce."

Ta dubi taron. Ga dariya, ga fanka a lasifika, ga yara suna tsalle, duk abin da ke watsa mata kai ya hallara wuri ɗaya. Na ga ta haɗa babban yatsa da manuni. Ta rufe ido, ta ja numfashi. Na ga leɓenta ya motsa. Da ta buɗe ido, wallahi kamar babu kowa a titin sai ita da rigar. Mai gadi da mai faci suka ɗaga masa hannuwa, aka zura. Ta cika baki da allurai, ta kama kafaɗa, ta rage nan, ta saki can, ta zagaya ta baya. Mai shago ta fito ta tsaya, ta naɗe hannu tana kallo. A lokacin ne mai faci ya ɗauki hoton da kuka gani, wanda daga baya ya tura wa goggonku, ya ce shi ma yau ya samu na nunawa.

Labari ya kai gidan burodi. Sai ga shugabar da kanta, gari har gwiwar hannu. Wadda ta ce ba ta da lokacin gwaji ta samu lokacin kallo. Ta zagaya baffanku a hankali, ta ja hannun rigar, ta duba wuya. Ta ce, "Ta zauna mini daidai. Sai dai a ƙara mini aljihu."

Wajen kafa aljihun ne allura ta same shi a tumbi. Ya miƙe zumbur, ya ga jama'a tsaye kowa baki har kunne. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Kun gani? Kun ga yadda kowa ya farka cikin farin ciki? Wa ya ce ban iya ƙarshen ba?"

Shugabar masu burodi ta ce, "Ranka ya daɗe, a hankali da hammatar, gobe zan sa ta."

Ya sunkuya ya dubi kansa. Ruwan hoda tun daga wuya har ƙwauri, ga tattara a ƙirji, ga hoton burodi a kan aljihu. Ya yunƙura zai ruga.

Goggonku ta cire allura daga baki ta ce, "Yaya, kada ka motsa. Duk jikinka allurai ne. In ka yi taku ɗaya, kai da zama sai wani makon."

Ya ce, "Auta, ki rufa mini asiri."

"Saura kalmasa. Ka saki kafaɗa. Ka rufe ido in kana so. Kada ka buɗe sai na ce."

Mai aski ya gyaɗa kai, ya ce, "Haka ake yi."

Haka baffanku ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar titi, hannuwa a buɗe, har ta kai ƙarshen kalmasa ta ciji zare. A iya sanina, wannan ne aiki na farko da aka fara da shi aka kuma gama da shi.

Da safe riguna suka isa gidan burodi cif, babu wadda ta rage. Mai shago ta sauke jakar goggonku daga ƙusa, ta buɗe mata durowa ta ce nan ne wurinta daga yau. Mutum-mutumin kuma baffanku ne ya mayar da shi yadda yake, ina zaune a bayansa da sandata. Sau biyu ya ji babur, sau biyu na yi gyaran murya.

Da likita ta dawo, goggonku ta kwashe labari ta ba ta. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan aiki ba a koyonsa da rabin bidiyo. Sannan ta goge ido ta tambaya, "Shi yayan naki, haka yake fara abu ya bari tun yana yaro?" Goggonku ta ba ta labarin keji da bango. Likita ta ce a ce masa ya zo su gaisa. Yanzu shi ma yana zuwa, an duba shi, ashe jirgi ɗaya ya kwaso su da ƙanwarsa. In kun tambaye shi, cewa zai yi shawara yake zuwa ba ta. Ku bar shi a haka. Amma ku sake duban bangon, shuɗin ya matsa gaba da kamu guda tun watan jiya.

To, ya isa. Ke, mayar da wayar inda kika ɗauko ta. In baffanku ya zo gobe na ji wani ya ambaci burodi, ni da shi ne. Ku tashi ku kwanta. Kuma wanda ya fara wanke ƙafa ɗaya ya tsaya ya wanke ta biyun, na gaji da rabin aiki a gidan nan.